ƘADDARA CE KO GANGANCI?

Duk ran da mota ta buge mai keke a cikin garin Daura, ko a kan hanyar Kano wadda ta bi ta Kazaure, ko ta Kwangwalam mai shiga ƙasar Nijar, kalmar da takan fara fita daga bakin jama'a ita ce "ƙaddara". A yi ta'aziyya, a yafe wa direba, a watse. To, abin da nake so mu tauna, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne: shin yarda da ƙaddara tana kankare alhakin wanda ya yi sakaci?

Ba na jin haka. Musulmi bai musun cewa kome da sanin Allah yake aukuwa, amma shari'ar nan da ta koya mana haka ita ce ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure. Ashe ke nan kuskure ma yana da mai shi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Direban da ya waiwaya don gaisawa da aboki, watau ya tafi mita 14 ido rufe. Wannan kuwa zaɓinsa ne.

Kada a ce mai keke ba shi da nasa laifin. Akwai wanda birkinsa ya mutu tun bara, sai ya riƙa tsayawa da diddige. Akwai mai tafiya bayan magariba ba fitila, cikin hazon hunturu. Akwai mai ɗaura buhun gero a gicciye, ya tare rabin titi. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, amma har gobe sai ka ga mai keke ya bi hannun da ya ga dama.

Amma fa alhakin ba daidai yake ba. In mai keke ya yi kuskure, ƙashinsa ke biya. In mai tirela ya yi, ƙashin wani ke biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya ƙasa ne da masu keke da babur. Saboda haka gwargwadon ƙarfin abin hawanka, gwargwadon nauyin da ke wuyanka.

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana wannan ba. Laifin macijin rijiyar Kusugu, wanda aka ce Bayajida ya kashe, shi ne ya mai da abin kowa nasa shi kaɗai, ba a ɗibar ruwa sai ran Juma'a. Titi ma rijiyar gari ce. Direban da ya danna ham ya kora almajiri da kekensa cikin kwata ya ɗauki halin macijin nan.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, amma ba ta iya tsayawa a kowace kwana daga Baure zuwa Mai'adua. Mai tsaron da ya rage shi ne tsoron Allah a zuciyar mai tuƙi. A gyara birki, a kunna fitila, a rage gudu a bakin makaranta da kasuwa. Abin da ya auku bayan haka, shi ne za mu kira ƙaddara da bakin gaskiya. Allah ya kiyashe mu, amin.