Jikinki Amana Ne, Auna Cikinki

'Yar'uwa, idan mace ta yi ƙiba sai mu ce mijinta ya iya kiwo, har wasu na shan sha-ka-fashe. Alhali jiki amanar Allah ne, kuma kitsen ciki na janyo ciwon suga da hawan jini.

Sayi tef ɗin tela ko a Kasuwar Monday ta Kakuri. Auna tsawonki, sannan zagayen cikinki saman cibiya kaɗan, ban da shanye ciki. Idan ya kai rabin tsawonki, kitse ya fara yawa: mai inci 64 kada ta kai 32. Ban da mai juna biyu.

Annabi (SAW) ya koyar da mu raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Mu masu cinye ragowar tuwon yara don gudun almubazzaranci, gara mu rage awo tun daga tukunya.