Dajin da Ba Wanda Ya Shuka: Wa Ke da Ikon Cewa "A Dakata"?

Yawancinmu masu karanta wannan mujalla mutanen tudu ne, waɗansunmu ma ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Duk da haka da wuya a sami gidan da uwargida ba ta taɓa barbaɗa garin jatan lande a miya ba, wanda 'yan kasuwa ke kawowa buhu-buhu daga Oron da sauran garuruwan gaɓar teku. Wannan ɗan abin da ke ƙara wa miyarmu armashi yana girma ne a bakin kogunan da wani irin daji ya kewaye, dajin da babu kamarsa a ƙasarmu ta tudu.

Itacen wannan daji Turawa na ce masa mangurof. Kada mai karatu ya ɗauka mangwaro ne, gama ba su da dangantaka ko ta nesa. Shi a cikin taɓo yake tsiro, inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, teku ya ciko ya rufe gindinsa, ya janye ya bar shi, kowace rana. Saiwoyinsa suna fitowa daga jikin kututturen su lanƙwasa su shiga laka, sai ka ce itacen a kan ƙafafu yake tsaye. A tsakanin waɗannan saiwoyi ƙananan kifaye ke ɓuya har su yi ƙwari, kawa tana manne a jikinsu, ƙaguwa da dodon koɗi suna yawo a ƙarƙashinsu, su ne kuma ke riƙe ƙasa don kada igiyar ruwa ta cinye gari. Hatta irinsa abin al'ajabi ne, domin tun yana rataye a jikin uwar yake tsirowa, ya yi tsawo kamar kibiya, in ya faɗo ya kafe a taɓo ko ruwa ya kai shi wani wuri. A dukan Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan daji, mafi yawansa a jihohin Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya mai nauyi. Ga mace gwauruwa mai 'ya'ya biyar, sana'arta bandar kifi, itacen da ya fi kusa da ita kuwa shi ne mangurof, yana ci da kyau, ba ta sayensa da ko kobo. Ta san in daji ya ƙare kifi zai ƙare. Amma ta kuma san in ta bar itacen yau, maƙwabciyarta za ta sare shi gobe. Shin zunubi take yi? In an ce ta dakata, wa zai ce mata, da wane iko?

A shekarar 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya yi rubutun da ya shahara a kan wannan matsala. A ganinsa, duk abin da yake na kowa da kowa ƙarshensa hallaka, gama kowane mutum shi kaɗai ke cin ribar abin da ya ɗiba, hasarar kuwa a raba wa jama'a duka. Maganin da aka fi fahimta daga maganarsa shi ne ko dai a mallaka wa mutum ɗaya, ko hukuma ta karɓe ta tsare. Mu a nan mun ga hanyar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sai dai gwamna ba ya tuƙa kwalekwale, ma'aikacin gandun daji ɗaya kuma ba zai iya gadin mashigan ruwa ɗari ba. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: da zarar an ce abu na gwamnati ne, sai ya zama ba na kowa ba. Hikimar masu zuwa daga nesa ma takan yi ɓarna ba da nufi ba. A 1906 aka kawo wata irin kwakwa mai suna nifa daga Asiya aka dasa a Kalaba, yau ga ta ta mamaye wurare da yawa a gaɓar tekunmu, musamman inda aka sare mangurof, ba ta kuwa renon kifi kamar yadda shi yake yi.

Amma akwai hanya ta uku, kuma talakawa ne suka nuna ta. A ƙasar Gambiya, kusa da Banjul, akwai fadamar Tanbi, inda mata ke shiga da kwalekwale suna ciro kawa daga saiwoyin mangurof. Dā da adda suke yi, sau da yawa su datse saiwar gaba ɗaya don sauri. Kawa ta yi ta ƙanƙancewa, tafiya ta yi ta ƙara nisa. A 2007 suka haɗu cikin ƙungiya mai suna TRY, bisa jagorancin Fatou Janha Mboob, har suka zarce mata 500 daga ƙauyuka 15. Suka yarda a tsakaninsu a daina sare saiwa, a bar ƙananan kawa, a kuma rufe fadamar wata takwas a shekara, a buɗe ta daga Maris zuwa Yuni. A 2012 gwamnatin ƙasar ta ba su takardar da ta keɓe musu ikon cin kawa a wannan fadama. Ku lura da abin da ya sauya. Matan ba su fi na dā tsarki ba, yunwarsu ma ba ta ragu dare ɗaya ba. Abin da suka samu shi ne tabbaci cewa kawar da suka bari yau za su tarar da ita gobe, domin maƙwabciya ma ta ɗaure kanta da doka guda, baƙo kuma ba shi da izinin zuwa ya kwashe.

Irin wannan ne Elinor Ostrom ta bi diddiginsa a ƙasashe da dama, har aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, mace ta farko da ta same ta. Ta nuna cewa dukiyar jama'a tana daɗewa inda aka san iyakarta, masu ci daga gare ta su ne suka tsara doka, masu gadi daga cikinsu suke, horo kuma yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani, sa'an nan hukuma ta amince da ikonsu. Bahaushe ya riga ya taƙaita shi: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada dai mu yi saurin tafi. Dokar ƙauye tana kama mai adda, amma ba ta kama bututun mai. A 2008 mai ya malala daga bututun kamfanin Shell a Bodo, ƙasar Ogoni, ya kashe dajin mangurof mai faɗi tare da sana'ar dubban masunta, sai a 2015 kamfanin ya yarda ya biya diyyar fam miliyan 55. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce farfaɗo da ita zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Annabi Ezekiyel, a sura 34, ya kawo ƙarar Ubangiji a kan ƙattin garke waɗanda ba su tsaya ga shan ruwa mai kyau ba, sai da suka gurɓata wa raunana sauran da ƙafafunsu. Zai zama munafunci mu yi wa gwauruwa wa'azin ɗaurin itace ɗaya, mu yi shiru a kan wannan. Mu na tudu ma ba mu fita ba, gama kuɗin man da ake rabawa jihohi kowane wata, wanda albashin da yawanmu ke fitowa daga ciki, daga ƙarƙashin wannan daji aka haƙo shi. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Gaskiya kuma ta wajabta a faɗi cewa 'ya'yan yankin da ke fasa bututu suna dafa mai a ɓoye su ma suna ƙona gadon kakanninsu. Jama'a ba mala'iku ba ne. Dattawan gari sukan sayar da abin da aka ba su riƙo, ƙungiya takan danne baƙon da shi ma yunwa ce ta kawo shi.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi taɓa mu masu bi. A Kasamans, kudancin Senegal, masuntan ƙauyukan Mangagulak sun ga kifinsu na ƙarewa saboda masu jiragen inji da ke zuwa daga nesa. Suka kafa yankin da suka kira Kawawana, hukuma ta amince da shi a 2010. Suka raba ruwan: wani sashe kowa na iya shiga bisa sharuɗɗa, wani na 'yan ƙauyukan ne kaɗai, wani mashigi kuwa an haramta wa kowa. Wannan na ƙarshe ba sabon hani ba ne. Wuri ne da kakanninsu suka keɓe tun dā a matsayin mai tsarki bisa al'adarsu, suka maido da shi, kifi ya sami inda zai hayayyafa.

Da na karanta wannan sai na tuna da kurmin da ke bayan ƙauyenmu ina yaro. Ba a shiga da gatari, ba a ɗebo ko busasshen reshe, domin an ce na dodo ne. A gindinsa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara. Da bishara ta shigo, iyayenmu suka sami 'yanci daga wannan tsoro, ina kuwa gode wa Allah saboda haka da dukan zuciyata, ba na fatan a koma. Amma cikin shekaru kaɗan aka sare kurmin ƙaf, waɗansu ma da murna suka yi, a matsayin shaidar cewa tsafi ba shi da iko. Idon ruwan ya bi shi. Yau mata na tafiya mai nisa da tulu. Mun rushe hanin da aka gina a kan ƙarya, ba mu gina wani a kan gaskiya ba.

Littafi Mai Tsarki kuwa bai bar mu hannu sake ba. Farawa 2:15 ta nuna aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, noma da tsaro. Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, ya kuma hana sayar da ita har abada, domin mai ita Allah ne, Isra'ilawa baƙi ne a cikinta. Maimaitawar Shari'a 22:6-7 ta ba wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu izinin ɗaukar 'ya'yan, amma ta hana shi haɗawa da uwar. Ashe ba wannan ne matan Tanbi suka yi da suka bar saiwa ba? Abin lura kuma, waɗannan dokoki ba a bar su ga lamirin mutum ɗaya ba. Jama'a ce aka ba, ta ji tare, ta amsa tare, dattawa a ƙofar gari su yi shari'a. Allah da ya yi mu ya san gwauruwa ba za ta iya yin adalci ita kaɗai ba in dukan gari na sara.

Don haka ba na ganin laifin yana wuyanta kamar yadda yake wuyan waɗanda ke da ikon tara jama'a amma ba su tara ba. A garuruwa da yawa na gaɓar teku, da ma namu na tudu, babu taron da ya kai na ranar Lahadi cika, babu kuma ƙungiyar da ta kai zumuntar mata tsari. Su ke da littafin suna, da ma'aji, da tarar makara. Majalisar dattawan ikkilisiya takan zauna sa'o'i a kan rufin majami'a da kuɗin girbi. Ban taɓa jin an sa rafi ko kurmin gari a jerin abubuwan tattaunawa ba, ko an aika wa limamin masallaci da mai unguwa cewa a zo a shata iyaka tare, tun da ruwan ɗaya ake sha. A ƙauyenmu har yanzu akwai kututture uku ko huɗu a inda kurmin yake, suna tohuwa kowace damina, awaki na cinye tohon kafin kaka.