KULKIN ƊAN DOKA DA SHAIDAR MUTANEN GARI

Wannan 'yar takarda tana magana ne a kan tsohon shugaban 'yan doka, irin wanda ya daɗe a gari ɗaya yana riƙe da kulki har gemunsa ya yi fari, da kuma abin da mutane su kan faɗa a kansa ran da aka kai shi makwancinsa. Ko da kai ba ɗan sanda ba ne, kada ka ajiye ta, gama babu mutumin da Allah bai danƙa masa wani iko a hannu ba, ko da a kan yaro guda ne, ko mudun awo a kasuwa.

Asalin wannan aiki

Tun kafin Turawa su ci ƙasar Sakkwato da ta Gwandu a shekara ta 1903, sarakuna suna da dogarai masu jan rawani da manyan riguna, shugabansu kuwa shi ne Sarkin Dogarai. Su ne su ke kama ɓarawo, su kira wanda aka yi ƙararsa, su tsare ƙofar fada. A zamanin En'e aka ɗibi waɗansu mutane aka koya musu fareti, aka ba su kayan sarki da kulki da albashi wata wata, aka kira su 'yan doka, aka bar sunan ɗan sanda ga na Gwamnati. Babbansu a birni shi ne Wakilin Doka. Aikin ya yi daraja har sarakuna suka riƙa ɗora 'ya'yansu a kansa. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina tun daga 1929, kafin ya zama Sarki a 1944. Ado Bayero ya zama Wakilin Dokan Kano a 1957, ya hau gadon sarauta a 1963.

Waɗannan manya ne, sunansu yana cikin littattafai. Amma a ƙananan garuruwa na kwarin Rima, daga Gwadangaji da ke gefen Birnin Kebbi, a bi ta Ambursa har ƙasar Argungu, an yi saje da kofur waɗanda suka shekara da shekaru suna bisa kan 'yan doka kaɗan, ba wanda ya rubuta labarinsu. Su ne su ke kewaya kasuwa ranar cinta, su shiga tsakanin manomi da makiyayi sa'ad da shanu suka faɗa wa shinkafa a fadama, su raka kuɗin haraji da jangali zuwa baitulmali, su kai wanda a ke tuhuma gaban alƙali. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya. Yanzu baturen 'yan sanda ne ke zaune a caji ofis, a kan kuwa sauya shi daga wannan gari zuwa wancan. Tsofaffin 'yan dokan da suka rage da rai kaɗan ne, dukansu sun tsufa ƙwarai, ɗaya bayan ɗaya a ke shimfiɗa tabarmar makokinsu.

Abin da a ke faɗa a bisa tabarmar makoki

Ka lura da wannan, ya ɗan'uwana. Sa'ad da mutane suka zauna a ƙofar gidan irin wannan tsoho, ba wanda ya kan lissafta igiyar da ke hannun rigarsa, ko yawan ɓarayin da ya kama. Ƙananan al'amura su ke tunawa. Wani ya ce ranar da aka sace masa jaki, mamacin ya bi sawu har ya komo da shi, da aka kai masa goro na godiya ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya mayar da sauran. Wata tsohuwa ta aiko da gaisuwa daga cikin gida, ta ce ɗanta ya kwana a hannunsa, bai bari an taɓa lafiyarsa ba, ya kuma ba shi tuwo daga nasa akushi. Wani kuma ya tuna ranar da ya kama ɗan surukinsa, ya kai shi gaban alƙali kamar kowa, ko da shi ke gidansa bai zauna lafiya ba har wata guda.

Akwai kuma wani irin makoki. Mutane su zo domin kunya, su yi gaisuwa a gajarce, su tashi. Ba wanda zai zagi mamaci a ƙofarsa, amma kowa yana ɗauke da nasa tabo a zuci, na kazar da aka ƙwace, ko marin da aka yi masa a gaban 'ya'yansa. Wannan shiru shi ma shaida ce.

A babban birni mutum ya kan ɓuya cikin taro. A ƙaramin gari kuwa rijiya ɗaya ku ke sha da wanda ka kama, matarka da tasa kasuwa ɗaya su ke ci. Mutum ya iya rufe halinsa shekara guda, amma shekara talatin ta fi ƙarfin munafunci, gama hali zanen dutse ne.

Sama'ila ya tsaya a gaban jama'a

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani wanda bai jira ranar makoki ba. Annabi Sama'ila ya yi wa Isra'ilawa shari'a tun yana saurayi har ya yi furfura. Da aka naɗa Saul sarki a Gilgal, sai tsohon ya tashi a gaban dukan jama'a, ya nemi duk wanda ya taɓa karɓe masa sa ko jaki, ko ya zalunce shi, ko ya karɓi toshiya a hannunsa, ya fito ya faɗa a gaban Ubangiji, shi kuwa zai biya. Ba wanda ya fito. Jama'a suka shaida da baki ɗaya hannunsa tsarkakakke ne. Za ka sami wannan a Littafin Sama'ila na Fari, sura 12.

Ka auna ranka da wannan ma'auni. Da za a tara mutanen unguwarku yau, ka miƙe ka yi musu irin wannan tambaya, mutum nawa ne za su sunkuyar da kai? Akwai kuma abin tsoro cikin labarin. 'Ya'yan Sama'ila biyu, waɗanda ya sa su yi shari'a a Biyer-sheba, ba su bi sawun ubansu ba. Suka bi riba, suka ci toshiya, suka karkatar da gaskiya, har wannan ya zama hujjar da dattawa suka kawo sa'ad da suka nemi a naɗa musu sarki. Saboda haka mai riƙe da kulki ya tsare hannunsa, ya kuma tsare ƙofar gidansa ta baya, gama abin da maigida ya ƙi karɓa a zaure, sau da yawa ta hannun ɗa ko mata ya kan shigo.

Ko mai bi ya iya yin aikin ɗan sanda?

Sababbin masu bi su kan yi wannan tambaya, suna tsammani wanda ya karɓi Yesu Almasihu wajibi ne ya tuɓe kayan sarki. Amsa tana cikin Bisharar Luka, sura 3. Sa'ad da Yohanna Mai Baftisma ya ke wa'azin tuba a bakin Kogin Urdun, waɗansu soja suka zo suka tambaye shi abin da za su yi. Bai ce su bar aikinsu ba. Abu uku ya ɗora musu, har yau kuwa su ne nauyin da ke wuyan kowane mai kayan sarki.

Na fari, kada su ƙwaci kome da ƙarfi ko da tsoratarwa. Ƙwace ba sai da duka ba. Ɗan sandan da ya tsayar da mai kabukabu a hanya, ya riƙe makullinsa yana duban sama har sai an lalubi aljihu, ya yi ƙwace, ko da bai buɗe baki ba.

Na biyu, kada su ɗora wa kowa laifin ƙarya. Kalma ɗaya daga bakin mai kayan sarki ta isa ta kai talaka gidan yari, gonarsa ta zama saura, 'ya'yansa su watse. A nan akwai tarko na musamman domin sabon mai bi. Watakila akwai waɗanda suka yi maka ba'a, ko suka hana ka 'yarsu, ranar da ka bi Almasihu. Wata rana ɗayansu zai faɗo hannunka. Ka yi masa gaskiya kamar yadda za ka yi wa ɗan'uwanka na cikin ikilisiya. In kuwa ɗan ikilisiya ne ya yi laifi, kada ka rufa masa domin kuna sujada wuri ɗaya. Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni, mudu ɗaya za ka auna musu, gama Allah ba ya tara.

Na uku, su dangana da albashinsu. Mun sani wannan magana tana da wuya. Albashi kaɗan ne, hatsi yana tsada, dangi kuma suna zuba ido ga mai kayan sarki. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ka karɓi kuɗin mutum, ka zama bawansa. Gobe in ya yi ɓarna a gabanka, idonka ba zai gani ba. Gara tuwon dawa da miyar kuka da barci mai daɗi.

Kai kuma da ba ka sa kayan sarki, kada ka ce wannan wa'azi na waɗansu ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai miƙa toshiya domin a saki ɗansa mai laifi, ko domin a kama maƙwabcin da su ke rigimar iyakar gona, ya sa tuntuɓe a gaban ɗan'uwansa, zunubin kuwa nasu ne su biyu. Ka girmama hukuma, ka faɗi gaskiya in an kira ka shaida, ka riƙa yin addu'a domin masu tsaron garinku, gama suna kwana a waje domin ka kwana a ɗaki.

Ko shaidar mutane ta isa?

Hausawa su kan ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Akwai gaskiya a ciki, gama itace da 'ya'yansa a ke gane shi. Amma mutanen gari abin da ya fito fili kaɗai su ke gani. Ba su ga girman kai ba, ko ƙiyayyar da aka haɗiye, ko ranar da aka yi shiru domin tsoron babba. Allah kuwa yana duban zuciya, a gabansa kuma babu ɗan Adam da zai miƙe ya ce hannunsa fari ne sarai.

A cikin Ayyukan Manzanni, sura 10, akwai Karniliyus, shugaban soja ɗari a Kaisariya, mai tsoron Allah, mai yawan sadaka, wanda Yahudawa da kansu su ke yabonsa, ko da shi ke ma'aikacin Romawa ne masu mulkinsu. Duk da haka mala'ika ya umarce shi ya aika Yafa a kira Bitrus, domin ya ji labarin Yesu wanda ya mutu ya tashi, wanda ta wurin sunansa a ke samun gafarar zunubai. Idan mai kyakkyawar shaida irin wannan ya bukaci Mai Ceto, ina wanda zai dogara ga yabon maƙwabta?

In kuwa kai ne mai mummunar shaida, kana cewa a ranka lokaci ya wuce, ka dubi sura 16. Yarin kurkukun Filibi ya karɓi Bulus da Sila bayan an yi musu bulala, ya jefa su can ɗakin ciki, ya sa ƙafafunsu a turu. Da tsakad dare ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, ya zare takobi zai kashe kansa domin yana tsammani 'yan sarƙa sun gudu. Bulus ya hana shi. Mutumin ya faɗi yana rawar jiki, ya nemi hanyar ceto, aka nuna masa bangaskiya ga Ubangiji Yesu. A cikin daren nan ya ɗauki ruwa ya wanke raunukan waɗanda ya ɗaure, aka yi masa baftisma da iyalinsa, ya kai su gidansa ya ba su abinci. Da gari ya waye yana nan a bakin aikinsa, makullan suna hannunsa kamar jiya, amma mai riƙe da su ya zama sabon mutum.

Ya mai karatu, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Jan rawanin dogari da kulkin ɗan doka sun ga zamaninsu, kayan da ka ke sawa yau kuma wani zai sa su bayanka. Tun kana da numfashi ka tuba, ka ba da gaskiya ga Almasihu. In akwai abin wani a hannunka, ka mayar masa tun yana da rai, kai ma kana da rai. Sa'an nan ka yi aikinka kowace rana kamar wanda zai ba da lissafi.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mai shari'ar dukan duniya, ka ga abin da ke hannuna da abin da ke zuciyata. Ka gafarta mini zunubaina sabili da Yesu Almasihu. Ka tsare ni daga ƙwace da ƙarya da kwaɗayi, ka ba ni ƙarfin yin gaskiya ga babba da yaro. Ka kiyaye masu tsaron garuruwanmu dare da rana. Cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Amin.