Shaidar Gaggawa a kan Aikin Fari

A ranar 23 ga Janairu 2006, wasu samari huɗu daga birnin Sheffield na ƙasar Ingila, waɗanda suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Arctic Monkeys, suka fitar da faifansu na farko ta hannun Domino, wani kamfani mai cin gashin kansa da ba ya cikin manyan dillalan kiɗa na duniya. Kuma kafin mako ya zagayo an sayi kwafi fiye da 360,000, adadin da har zuwa wancan lokaci babu wani faifan fari da ya taɓa kaiwa a mako guda a ƙasar. Jagoransu, Alex Turner, a cikin watan nan ne ya cika shekara 20, waƙoƙinsa kuwa sun ƙunshi labarin masu gadin ƙofar gidajen rawa da wahalar samun tasi da tsakar dare, ya rera su da karin harshen garinsu.

Ba cinikin ne ya dame ni ba, domin mai saye da kuɗinsa ya saya, ba a neman hujja a wurinsa. Abin da ya cancanci nazari shi ne hukuncin masu sharhi, musamman mujallar NME, wadda tun faifan bai gama isa kunnuwan jama'a ba ta ɗora shi a matsayi na 5 cikin mafifitan fayafayan Birtaniya na dukkan zamani, har sama da na ƙungiyar Beatles. To, shin ya halatta ga wanda ya naɗa kansa alƙali ya yanke irin wannan hukunci a kan aikin da bai shekara ba, balle ya ga jiya da yau?

Malaman hadisi, waɗanda ba a taɓa yin masu tantance mutane kamarsu ba, ba sa shaidar mai riwaya da aminci don zaƙin bakinsa a majalisi ɗaya, sai sun gwama riwayoyinsa da na tsararrakinsa, sun bi shi shekara da shekaru, har sukan rarrabe abin da ya faɗa yana da ƙarfin hadda da abin da ya faɗa bayan tsufa ya rikita shi. Dalili kuwa shi ne sun ɗauki yabo a matsayin shahada, shahada kuma ba ta inganta sai a kan abin da aka gani. Mai sharhin da ya ce waƙoƙin nan suna da kaifin lura da ƙarfin kiɗa, shaidar abin da ya ji ya bayar, babu laifi a kansa. Amma wanda ya ce za su dawwama, ya tsallaka zuwa ilmin gaibu, wanda ba a ba shi mabuɗinsa ba.

Wani zai ce ai zamani ya gaskata su, tun da faifan ya ci kyautar Mercury a 2006, ƙungiyar kuma ta ɗore. Haka ne, amma fuƙaha'u sun daɗe da bayyana cewa alƙalin da ya yi hukunci ba da ilmi ba yana da alhaki ko da ya dace da gaskiya, domin dacewa daban, adalci daban. Irin garajen da ya ɗaga waɗannan samari shi ne ya binne faifan fari na ƙungiyar Velvet Underground a birnin New York a 1967, lokacin da masu sharhi suka kau da kai, kasuwa ta ƙi shi, sai bayan shekaru masu yawa aka dawo ana kiransa ginshiƙi.

Akwai kuma haƙƙin wanda aka yaba, wanda ba safai ake tunawa da shi ba. Shari'a ta karhanta kambama mutum a gaban idonsa, saboda tsoron ujubu da abin da yake haifarwa. Saurayin da aka gaya masa yana da shekara 20 cewa ya zarce magabatansa, an hana shi daɗin zama almajiri, an kuma ɗora masa bashin da zai yi ta biya da kowane aiki na gaba. Da faifansu na biyu ya fito a Afrilun 2007, da ma'aunin na fari aka tare shi.