Kwaikwayo: Karatu ne ko Sata?

Tun shekarar 1793 da aka buɗe gidan tarihi na Luvur a birnin Paris, aka bai wa masu koyon zane izinin zama gaban ayyukan magabata su kwaikwaya. Al'adar tana nan har yau, amma bisa sharaɗi: kada girman kwafin ya yi daidai da na asali, kada kuma a kwafi sa hannun mai zanen. Sharaɗin ƙarami ne, amma ya ƙunshi amsar wata tsohuwar tambaya: yaushe kwaikwayo yake karatu, yaushe yake komawa sata?

Ɗalibin da ke kwafar fuskar da wani gwani ya zana da launin mai, ba siffa kaɗai yake ɗauka ba. Sai ya fara shimfiɗa duhu da haske da launi guda, ya jira kwanaki ya bushe, sannan ya riƙa ɗora launi siriri bisa siriri, har fatar ta zama kamar jini na gudana ƙarƙashinta. In ya yawaita mai a ƙasa, ya ƙaranta a sama, zanen zai tsattsage. Haƙurin gwani yake koyo, wanda littafi ba ya bayarwa.

Han van Meegeren, ɗan Holanda, ya san duk wannan. Ya kwaikwayi hannun Vermeer, wanda ya rasu a 1675, ya gasa zanensa a tanda domin launin ya taurare kamar tsoho. A 1937 masana suka yarda na Vermeer ne. A 1945 aka kama shi bisa zargin sayar wa Göring, jigon Nazi, dukiyar ƙasa. Don ya kuɓuta, dole ya yi sabon zane gaban shaidu, ya tabbatar cewa aikinsa nasa ne. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara guda.

Gwanintar ɗaya ce. Bambancin yana ga suna. Ɗalibi yana cewa wane ya koya mini, mai jabu yana cewa ni ne wane, alhali kama da wane ba ta wane. Na farko ya amsa bashin da ke kansa, don haka wata rana zai samu hannun kansa. Na biyu ya ɓoye bashin, sai ya ɓace tare da shi. Saboda haka malami ba ya hana ɗalibi kwafa; abin da ke wuyansa shi ne ya koya masa faɗin wurin wanda ya ɗauko.