Dare Mahutar Bawa: Ina Rabon Matar Gida?

  

A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma a nan Tambuwal, akwai wata baiwar Allah da ba ma kaiwa tsakiyar darasin Ahalari sai ta fara gyangyaɗi. Na daɗe ina ɗaukar abin rashin himma ne, har na taɓa yi mata faɗa a gaban 'yan aji, Allah Ya yafe mini. Rannan na tsayar da ita bayan an tashi. Sai ta ce, "Malama, wallahi ba raini ba ne. Kwana ne ba ya zuwa. Idona biyu har a kira assalatu, yau wata huɗu ke nan." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da abin da ya fi damunta: "An ce mini mai imani ba ya rasa barci. Ko nawa imanin ne ya yi rauni?"

Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shin barcin mace haƙƙi ne da ya kamata a tsare mata, ko kuwa wani abu ne da za ta samu in aiki ya rage? Kuma in ta rasa shi, laifin wa?

Abin da addini ya ce game da barci

Mu Hausawa muna cewa dare mahutar bawa, kuma maganar tana da tushe. A cikin suratun Naba'i da suratul Furƙan, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa barci cikin ni'imomin da Ya yi mana, Ya ambace shi a matsayin hutu. A suratul Anfal da Ali Imrana kuwa an ba mu labarin gyangyaɗin da aka saukar wa sahabbai a Badar da Uhudu domin zukatansu su natsu. Kin ga ke nan barci da kwanciyar hankali tare suke tafiya.

Wata za ta ce, to ai bayin Allah na gari kaɗan suke barci, suna raya dare da nafila. Gaskiya ne, amma a duba da kyau. Tsarin Annabi Dawuda (AS), wanda Manzon Allah (SAW) ya yaba, shi ne barci rabin dare, salla kashi ɗaya cikin uku, sannan a koma barci kashi ɗaya cikin shida. In kin haɗa, kashi biyu cikin uku na daren barci ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya ga igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci don ta riƙa riƙewa in gajiya ta kama ta a salla, umarni ya yi a kwance ta. Haka Salmanul Farisi (RA) ya tsare ɗan'uwansa Abud Darda'i (RA) ya kwanta sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Saboda haka wadda ta bar barci da zaɓinta don ganawa da Ubangijinta dabam, wadda barci ya guje mata tana juyi a kan gado dabam. Ta biyun lalura ce ta same ta, kamar zazzaɓi ko hawan jini, kuma ba a auna imani da lalura.

Me yake hana mu barci?

Masana lafiya sun ce babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Yi lissafi da kanki: wadda ta kwanta ƙarfe 12 ta tashi ƙarfe 5 don asuba da ɗora koko, awa 5 ta samu. A mako guda jikinta yana bin ta bashin awa 14. Wannan bashin shi ne yake fitowa a ciwon kai, mantuwa, saurin fushi da yara, da rafkanuwa a salla. In abin ya daɗe yana iya taimaka wa hawan jini da ciwon suga.

A yankinmu dalilan a fili suke. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda har tsakar dare. Da damina sauro ya karɓa. Ga goyo, ga mai ciki da ta rasa ɓangaren da za ta kwanta. Ga kishi a daren da ba ke ce da girki ba, ga tunanin maigidan da ya tafi cin rani kudu bai aiko ba. Ga kuma wanda ya fi duka nauyi, wato tsoro. A 2025 mun ji yadda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙaramar hukumar Kebbe, mata da yara suka gudo cikin gari wajen dangi. Matar da ta taɓa kwana a daji da goyo a baya, ko an kawo ta ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ƙarar babur guda ta isa ta hana ta runtsawa. In kin ce wa irin wannan imaninta ne ya yi rauni, kin ƙara mata ciwo a kan ciwo.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai wanda mu muke jawowa. Goro, shayi mai kauri, Nescafe da Coca-Cola duk suna da sinadarin kafeyin, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jiki. Goron da kika ci bayan la'asar yana tare da ke har bayan isha'i. Waya kuma ta zama kishiyar barci: a ce bari in duba saƙo ɗaya a WhatsApp, ko in ƙarasa babi guda na littafi, sai ga ƙarfe ɗaya. Haske da dare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci, labarin da kike karantawa kuma yana tayar da zuciya. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i, ba ya son hira bayanta. Hirar waya ma hira ce.

Haƙƙin da ke kan mutanen gida

Nan ne nake son ki tsaya ki yi tunani, domin mun saba yabon mace da cewa ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi, kamar wahalarta ce adonta. Maigida ya zauna teburin mai shayi ko majalisa har sha biyun dare, ya dawo a tashe ta ta ɗumama tuwo, da asuba kuma ita za ta fara tashi. In ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai uwar miji ko abokiyar zama ta ce raguwa ce, alhali ƙailula abu ne da sahabbai suka saba da shi. Zaman aure da kyautatawa da Alƙur'ani ya yi umarni da shi ya haɗa da barin mace ta huta. Ki zaɓi lokacin da ransa yake fari ki ce, "Baban yara, don Allah in da hali a riƙa dawowa da wuri, ko in ajiye maka abincin a kula, rashin barcin nan yana taɓa lafiyata." Da yawa daga mazanmu ba mugunta ba ce, ba su taɓa lissafa awannin ba ne.

Mu ma mata akwai namu. Yarinyar riƙo ko 'yar aikin da muke bari tana wanke-wanke har dare ya raba, mu tashe ta kafin asuba, ita ma baiwar Allah ce, daren nata ne kamar yadda yake namu.

Abin da za ki iya yi daga yau

Na ɗaya, ki tsayar da lokacin tashi guda. Asuba ta riga ta yi mana wannan, saura ki ja lokacin kwanciya ya matso kusa da isha'i.

Na biyu, goro da shayi mai kauri su tsaya kafin azahar. Ƙailula kuma kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada ta kai la'asar.

Na uku, ki ajiye waya nesa da gado awa guda kafin kwanciya. Ki watsa ruwa lokacin zafi, ki ɗaura gidan sauro ko a tsakar gida za a kwana.

Na huɗu, ki yi alwala, ki kwanta ta dama, ki karanta Ayatul Kursiyyu da ƙula'uzai. Lokacin da Nana Faɗima (RA) ta koka da wahalar niƙa ta nemi mai taimako, mahaifinta (SAW) ya koya musu ita da Sayyidina Ali (RA) tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 in za su kwanta. Ki yi shi a natse, kada ki yi kamar ana korar ki.

Na biyar, in kin yi kamar minti 20 barci bai zo ba, daina kokawa da shi, kuma daina duba agogo. Tashi ki zauna cikin haske kaɗan ki yi zikiri, in kin ji ido ya yi nauyi ki koma. Damuwar gobe kuwa ki rubuta ta ko ki faɗa wa aminiya tun da rana, kada ki kai ta kan filo.

Na shida, ki guji sayen ƙwaya a kemis da kanki. Valium, wadda ake kira D5, tana kama jiki har mutum ya kasa barci sai da ita. Maganin tari mai kodin kuwa, ɓarnar da ya yi a gidajen aure tana cikin abin da aka yi ta kuka da shi kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018. Da yawa daga neman barci suka fara.

In rashin barcin ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa. In kuma ya zo da yawan kuka, firgita, ƙin abinci ko jin rayuwar ta ishe ki, musamman bayan haihuwa, kada ki jira wata ukun. Ki je babban asibitin da ke kusa, in ta kama a tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba ya nufin hauka, 'yar'uwa. Addu'a da neman magani kuma ba sa karo da juna, domin shi wanda ya koya mana addu'ar shi ya umarce mu da neman magani.

Ɗalibar nan tawa ta je asibiti, aka tarar jininta ya hau. Ta bar goron yamma, maigidanta kuma ya yarda ƙanwarsa ta riƙa ɗaukar mata yaro bayan azahar. Ba zan ce ta warke sarai ba, amma yanzu tana kaiwa ƙarshen darasi, har tambaya take yi. In kin ga wata tana gyangyaɗi a wajen wa'azi ko biki, kafin ki yi mata dariya ki tambaye ta yadda ta kwana, ki kuma saurari amsar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kebbe da Tambuwal da ƙasa baki ɗaya, Ya sa barcinmu ya zama ibada. Amin. Wassalamu alaikum.