Abin Lura: Amalanke da Kwale-kwale

A Garo ta ƙaramar hukumar Kabo na taɓa tsayawa kallon wani dattijon kafinta yana shirya amalanken shanu domin kai sabon kwale-kwale bakin madatsar ruwan Guzuguzu. Mai jirgin, saurayi ne masunci, duk ya ƙagu. Ya ce, "Baba, mu ɗora kawai mu ɗaure, ai tafiyar ba nisa." Dattijon ya ce, "Yaro, taki ake ɗorawa kawai. Jirgi sai an yi masa mazauni."

Ya fara da awo. Ya bi tsawon jirgin da kamu, ya bi faɗin cikinsa da taƙi, sannan ya koma kan amalanken. Da yake jirgin ya fi amalanken tsawo nesa ba kusa ba, sai ya shimfiɗa azara biyu dogaye don kada gindinsa ya yi ta reto a iska. Ya gitta katako uku, ya sassaƙe kowanne daidai da lanƙwasar cikin jirgin, ya ɗora musu buhunan ƙaiƙayi da yankan tsohuwar taya, tamkar gammo a kan mai ɗaukar tulu.

Inda ya fi daɗewa shi ne neman ma'aunin nauyi. Idan jirgin ya ja baya da yawa, karkiya za ta yi sama ta shaƙe bijimai. Idan ya matso gaba da yawa, nauyi ya danne musu wuya. Sai da aka tura aka janyo har sau huɗu kafin nauyin ya zauna kan tayoyi, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Igiya ma wuri uku ya ɗaura ta, bai tamke ta har ta ci katako ba, bai kuma bar ta sako-sako ba.

Da na tambaye shi dalilin wannan wahala, ya ce jirgin katako ƙusa ce ke riƙe da shi, tsumma da kwalta ke toshe gaɓoɓinsa. Kowace gargada ta hanya tana taɓa su. Tsagar da aka yi a tudu ba a ganin ta a tudu, sai an kai tsakiyar ruwa take bayyana kanta.

Wannan magana ta zauna mini a zuciya. Mu mutanen wannan yanki mun san abin da ruwa ke yi idan kaya suka fi ƙarfin maɗauki. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rayuka da dama, cikinsu har da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Amma darasin bai tsaya a bakin ruwa ba. 'Ya'yanmu ma kowanne da irin ƙirarsa. Wani da kallo ɗaya ya gane kuskurensa, wani sai an zaunar da shi an yi ta nanatawa. Wani hannunsa ya faɗa kan sana'a, wani zuciyarsa na kan littafi. Uban da ya ɗaure su duka da igiya ɗaya, da ƙarfi ɗaya, yana iya tsaga wani bai sani ba. Yaron zai yi shiru a gida, sai ya shiga duniya ɓarakar ta fito, lokacin da gyara ya yi wuya.

Dattijon nan bai sassaƙe jirgi don ya dace da amalanke ba, amalanken ya gyara don ya dace da jirgi. Iyaye da malamai, kafin mu ɗora wa yaro nauyi, mu fara sanin ƙirarsa, mu yi masa mazaunin da zai kai shi gaci lafiya.